Kankare Mai Ɗinke Kansa: Tsakanin Ɗorewar Bango da Ɗorewar Gida

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ginin kankare ruwa shi ne ƙadangaren, kuma tsagar da yake bi sau da yawa ba ta wuce kaurin gashin kai biyu ko uku ba. Saboda wannan 'yar tsaga ne masana kimiyyar gini a Turai da Amurka da Asiya suka shafe shekaru kusan 20 suna neman kankaren da zai riƙa toshe tsagarsa ba tare da hannun magini ba. A gefe guda kuma ana gwada zuba masa wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira kayan nano, domin ƙara masa ƙarfi da ƙarko. Yau ana gabatar da waɗannan abubuwa biyu a matsayin mabuɗin gidaje masu ɗorewa.

Matsayin wannan maƙala shi ne, fasahar gaskiya ce kuma tana da wuraren da ta dace da su, amma kuskure ne a jingina mata makomar gidan zama. Gida yana ɗorewa ne idan zayyanarsa ta bar shi ya sauya tare da mazaunansa, kuma aka samu masu kula da shi. Batun yana da nauyi domin kuɗin bincike da na gina gidaje ba su da yawa, kuma duk inda aka zuba su yau, a nan za a girbi sakamakon shekaru 50 masu zuwa.

2.0 Dalilin da Ya Sa Tsaga Ta Zama Abin Damuwa

Kankare haɗi ne na siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Yana da juriyar danniya matuƙa, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa, shi ya sa ake sa masa rodi a ciki. Shi kuma rodi yana samun kariya daga tsatsa ne saboda sinadaran simintin da ke lulluɓe da shi. Da zarar kankare ya tsage, ko saboda bushewa ko zafin rana ko motsin ƙasa, sai ruwa da iska da gishiri su sami hanya zuwa ga rodin. Tsatsa kuwa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka sai ta kumbura ta tunkuɗe kankaren da ke kanta. Ƙaramar tsaga ta zama babba, babba kuma ta ƙara shigo da ruwa. Wannan shi ne ciwon da ke cin gadoji da rufin dakin da ginshiƙai a ko'ina cikin duniya.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan mai gini ba. Duniya tana sarrafa kimanin tan biliyan 4 na siminti a kowace shekara, kuma wannan masana'anta ita ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon dayoksaid da ayyukan ɗan Adam ke saki. Ana gasa dutsen farar ƙasa a tanderu har zafinsa ya kai kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Selshiyas, kuma fiye da rabin iskar tana fitowa ne daga shi kansa dutsen yayin da yake rikiɗa, ragowar kuma daga makamashin da ake ƙonawa. Ashe ke nan duk ginin da ya lalace kafin lokacinsa, sai an sake ƙona dutse domin maye gurbinsa. Hujjar masu kankare mai ɗinke kansa ke nan, kuma hujja ce mai ƙarfi: tsawaita rayuwar gini rage hayaƙi ne.

3.0 Yadda Kankare Ke Ɗinke Kansa

Ko kankare na yau da kullum yana da ɗan ikon toshe tsaga. Akwai ƙwayoyin siminti da ba su gama jiƙa ba lokacin kwaɓi, idan ruwa ya riske su daga baya sai su ci gaba da daskarewa. Sai dai wannan ba ya wuce tsagar da faɗinta yake kimanin milimita 0.2. Abin da masana suka sa gaba shi ne faɗaɗa wannan iko.

Hanyar da ta fi shahara ta fito ne daga Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, inda masanin ƙananan halittu Henk Jonkers ya fara aiki a kanta wajen shekarar 2006. Ya zaɓi wasu bakteriya na dangin Basilus waɗanda ke jure yanayi mai kaifin sinadari irin na cikin siminti, kuma suna iya dunƙulewa su yi dogon barci na shekaru masu yawa ba ci ba sha. Ana sanya su tare da abincinsu, wani sinadari mai suna kalsiyam laktet, a cikin ƙananan dunƙulen gasasshen yumɓu, sannan a zuba a kwaɓi. Ranar da bango ya tsage ruwa ya shiga, sai su farka su ci abincin, su fitar da kalsiyam kabonet, wato ainihin sinadarin dutsen farar ƙasa, wanda ke cike tsagar. A gwaje-gwaje an toshe tsaga mai faɗin da ya kai milimita 0.8 cikin 'yan makonni. An gwada hanyar a fili a magudanar ban-ruwa a tsaunukan ƙasar Ekwado a 2014, sannan a 2015 masana daga jami'o'in Cardiff da Cambridge da Bath suka gwada ta tare da wasu hanyoyi a wurin aikin titin A465 a yankin Wels na Birtaniya.

Akwai kuma hanyar cusa ƙananan ƙwanso masu ɗauke da ruwan liƙi, waɗanda ke fashewa idan tsaga ta ratsa su. Shi kuwa Victor Li na Jami'ar Michigan a Amurka ta wata fuska ya ɓullo wa lamarin tun shekarun 1990. Ya cakuɗa siririn zare a cikin kwaɓi ta yadda kankaren zai lanƙwasa, ya yi tsage-tsage sirara masu yawa a maimakon guda ɗaya mai faɗi, su kuwa siraran sukan toshe da kansu idan sun sami danshi.

Abin ban sha'awa shi ne, Rumawan dā sun riga kowa. Ƙubbar ginin Pantheon a birnin Rum, mai faɗin mita 43, tana tsaye tun wajen shekara ta 126 ba tare da rodi ba. A watan Janairun 2023 Admir Masic na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da abokan aikinsa suka bayyana cewa fararen dunƙulen farar ƙasa da ake gani a kankaren Rumawa, waɗanda a dā ake ɗauka alamar rashin iya kwaɓi ce, su ne ke narkewa su cike tsaga idan ruwa ya shiga. Da suka kwaikwayi haɗin suka tsaga shi suka bi shi da ruwa, cikin mako 2 ya toshe. Darasin da ke nan shi ne, ɗinkewar kankare ba lallai sai da kaya masu tsada ba.

4.0 Kayan Nano

Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma gashin kan mutum yana da kaurin nanomita kimanin 80,000. Ana kiran abu kayan nano idan girman ƙwayarsa bai wuce nanomita 100 ba. A wannan ƙanƙanta halin abu yakan sauya, domin fuskar da yake haɗuwa da sauran sinadarai ta yawaita ƙwarai a kan nauyinsa.

Uku daga cikinsu suka fi shiga harkar gini. Garin silika na nano yana cike ƙananan kofofin da ke cikin siminti, yana kuma haɗuwa da ragowar sinadarin farar ƙasa ya ƙara danƙo, don haka ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Titaniyam dayoksaid kuwa idan hasken rana ya doke shi yakan wargaza dattin da ya manne a bango, kuma da irin wannan siminti aka gina Cocin Jubili a birnin Rum, wanda Richard Meier ya zayyana aka buɗe a 2003. Na uku shi ne girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Mancesta a 2004, suka kuma sami lambar Nobel a 2010. A 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki a garin Amesbury na Ingila da kankare mai girafin, inda aka rage kayan haɗi da kusan kashi 30 cikin 100 kuma ba a sa rodi ba.

5.0 Iyakar Fasahar

Duk da waɗannan nasarori, akwai iyakoki huɗu da ya kamata a tsaya a kansu kafin a kira wannan fasaha maganin matsalar gidaje.

Iyaka ta farko ita ce girman tsaga. Bakteriya suna toshe abin da bai kai milimita 1 ba, kuma abin da suke maidowa shi ne hana ruwa shiga, ƙarfin ɗaukar kaya kuwa ba ya komawa yadda yake. Tsagar da ke rusa gida irin wadda harsashi mara kyau ko ƙarancin rodi ko ƙarin hawa ba bisa lissafi ba ke jawowa, ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya hallaka mutane fiye da 40, makarantar da ta rufta a Jos a watan Yulin 2024 kuma ta ci rayuka 22. Irin wannan masifa maganinta yana wurin lissafin injiniya da gwajin kaya da sa-idon hukuma. Babu wata ƙwaya da za a zuba a kwaɓi ta maye gurbin waɗannan.

Ta biyu ita ce ruwa. Kusan duk hanyoyin ɗinkewa ba sa aiki sai da danshi. An ƙirƙiro su ne a ƙasashen da ruwan sama ke sauka a kowane wata na shekara. A yankin da rani ke ɗaukar wata 7, tsagar da ta buɗe a lokacin hunturu za ta zauna a buɗe har damina. Haka kuma bangon da rana ke gasawa da yini ya huce da dare, tsagarsa tana buɗewa tana rufewa kullum, shi kuwa dutsen da bakteriya ke fitarwa gautsi gare shi, ba ya miƙewa.

Ta uku ita ce tsada da wahalar kwaɓi. A shekarun farko kankaren bakteriya ya kai kusan ninki biyu na farashin na yau da kullum. Su kuwa kayan nano halinsu ne su dunƙule wuri guda, kuma idan suka dunƙule sai su zama rauni a cikin kankare. Raba su daidai yana buƙatar na'urori da sinadarai na musamman, abin da ba ya samuwa a wurin da ake kwaɓi da shebur a ƙasa, ana auna yashi da baro. Ga kuma batun lafiya: a 2014 Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke Lyon ta sanya wani nau'in bututun kabon na nano cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar daji. Leburan da ke zazzage buhu ba takunkumi, da wanda zai rusa ginin bayan shekaru, su ne za su shaƙi ƙurar.

Ta huɗu ita ce ƙarancin shekaru. Ana zayyana gidan zama ne domin ya kai aƙalla shekaru 50, alhali gwaje-gwajen fili na wannan fasaha ba su cika shekaru 20 ba. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

6.0 Gidan da Ke Iya Sauyawa

Ko da an warware duk waɗannan, akwai tambayar da ta fi su girma: me ke kashe gida? Sau da yawa gida yakan mutu alhali bangonsa lafiya lau. Rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11 kowanne, an kammala shi a tsakiyar shekarun 1950, aka fara rushe shi a 1972. Kankarensa bai gaza ba. Talauci da wariya da rashin kuɗin gyara ne suka kori mazaunan. Da a ce bangonsa yana ɗinke kansa ma, da nakiya za a tashe shi.

Tun 1961 masanin zayyana ɗan Holan John Habraken ya kawo shawarar a raba gida kashi biyu. Kashi na farko shi ne ƙashin gini, wato harsashi da ginshiƙai da dakin, wanda ya kamata ya daɗe. Na biyu shi ne cikon ciki, wato bangayen raba ɗakuna da ƙofofi da bututu, wanda mazauna za su riƙa sauyawa. An gina rukunin NEXT21 mai gidaje 18 a birnin Osaka na Jafan a 1993 a kan wannan tunani. A ƙasar Cile kuma Alejandro Aravena da abokansa sun gina wa iyalai 93 gidaje a Quinta Monroy ta birnin Iquique a 2004, da tallafin dala 7,500 ga kowane iyali. Da yake kuɗin ba zai gina cikakken gida ba, sai suka gina sashen da ya fi wuya, wato ƙashin gini da matakala da banɗaki da madafa, suka bar fili a gefe domin kowa ya cike sauran gwargwadon hali. Cikin 'yan shekaru iyalai da yawa sun kusa ninka girman gidajensu.

Amma zayyana kaɗai ma ba ta isa ba. Hasumiyar Nakagin a Tokiyo, wadda Kisho Kurokawa ya gina a 1972, tana da ɗakuna 140 da aka ƙera domin a riƙa cire su ana sauyawa duk bayan shekaru 25. Ba a taɓa sauya ko ɗaya ba, domin masu ɗakunan sun kasa haɗa kai a kan kuɗi da tsari, kuma an rushe ta a 2022. Wannan ya nuna cewa ɗorewa tana buƙatar jama'ar da ta amince da nauyin kula.

A nan ne kankare mai ɗinke kansa yake samun gurbinsa na gaskiya. Wurinsa shi ne ƙashin gini, musamman sassan da ke cikin ƙasa ko cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani kuma hannu ba ya kaiwa. Zuba shi a bangon raba ɗaki da za a rushe ranar da iyali ya ƙaru asarar kuɗi ce.

7.0 Inda Batun Ya Shafi Ƙasar Hausa

Ginin gargajiya na Hausa ya daɗe da sanin abubuwan nan biyu. Gida yana farawa da zaure da katanga da 'yan ɗakuna, ana ƙara sashe idan ɗa ya yi aure, a bar wani ya koma ƙasa idan mai shi ya ƙaura ko ya rasu, a kuma sake kwaɓa ƙasar a yi sabon tubali. Friedrich Schwerdtfeger ya bi diddigin wannan sauyi a gidajen birnin Zariya a littafinsa na 1982. Kariya daga ruwa kuwa tana ga yaɓe da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kafin kowace damina ana duba soro da indararo a toshe tsaga. Masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmou ya fara a 1962 ya faɗaɗa tsakanin 1975 da 1982, ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa.

Faɗin haka ba kira ba ne a koma jiya. Ginin ƙasa yana neman aikin hannu kowace shekara, azara ta yi wuya, kuma mamakon ruwan sama yana rusa gidajen ƙasa duk damina, galibi ta gindin bango ko ta rufi. Dalili ke nan da ya sa mutane suka rungumi siminti. Sai dai sun rungume shi tare da zaton cewa ba ya buƙatar kula, kuma sunan "mai ɗinke kansa" yana iya ƙarfafa wannan zato. Gidan bulo da aka tsawwala wa yashi, aka hana shi ban-ruwa bayan zubi, aka kuma bar tsagarsa shekara da shekaru, bai fi soron da ake yaɓewa duk shekara aminci ba.

Akwai kuma albarkatun da ke kusa. Ɓuntun shinkafa da ke tare a bakin injinan casa a Kura da Haɗeja da Birnin Kabi, idan aka ƙona shi a zafin da bai wuce digiri 700 ba, tokarsa kusan duka silika ce mai iya maye gurbin wani kaso na siminti, kuma daga gare ta ake iya tace silikar nano. Farin yumɓun kawolin na Ƙanƙara da Alkaleri irinsa ne ake gasawa a haɗa siminti samfurin LC3, wanda Karen Scrivener ta cibiyar fasaha ta Lausanne a Suwizalan da masana na Kyuba da Indiya suka inganta, kuma yana rage hayaƙi da kusan kashi 40 cikin 100. A ƙasar da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu kasuwanni a farkon 2024, binciken da zai rage yawan simintin da ake buƙata ya fi gaggawa a kan wanda zai ƙara masa tsada.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, matakai huɗu suka fi dacewa. Na farko, a gwada kankare mai ɗinke kansa a inda ruwa yake kullum kuma gyara yake da wuya, kamar magudanan ban-ruwa na Kadawa da Bakolori da tankunan ruwa da harsashin gadoji, a kuma auna sakamakon tsawon rani da damina kafin a yi maganar gidaje. Na biyu, sassan injiniya na jami'o'i da Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Nijeriya su ba tokar ɓuntu da gasasshen yumɓu fifiko. Na uku, hukumomin tsara birane su riƙa amincewa da zanen gida mai matakai, wanda aka lissafa harsashinsa da ginshiƙansa tun farko domin ƙarin da za a yi nan gaba, tunda kowa ya san yawancin mutane da kaɗan-kaɗan suke gini. Na huɗu, a isar wa magina da leburori ilimin auna kwaɓi da ban-ruwa da kariyar numfashi cikin harshen da suke aiki da shi.

Bakteriyar Delft da girafin Mancesta za su ci gaba da inganta, farashinsu kuma yana iya sauka. Ranar da suka iso kasuwa a araha, za su amfani ginin da aka kafa a kan lissafi, aka bar masa wurin ƙari, kuma yake da mai zagayawa ya duba bangonsa kafin ruwan farko ya sauka.